Jinin kirefish a ƙarƙashin madubi

Ranar Juma'ar da ta wuce Hajiyarmu ta sake yi mini tambayar da take yi kusan duk wata tun da na zo Suwidin. "Wai kai har yanzu jinin ƙwarin nan kake aunawa?" Na ce e, Hajiya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To su wa ke kawo su asibitin?" Ina jiyo ƙannena suna ƙyalƙyala dariya a bayanta. Ban ga laifinta ba. Shekara shida na yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Katsina ina ɗibar jinin mutane, kuma a wurinta wannan shi ne aiki mai kan gado: mutum ya zo da zazzaɓi, a duba jininsa, likita ya rubuta magani. Yau kuma an ce mata ɗanta ya hau jirgi ya tafi ƙasar sanyi yana tsira wa kayan miya allura.

Kayan miyan ma akwai gyara. Abin nan da ake auna mana a gwangwani a kasuwa, busasshe, ja-ja, wanda ake kawowa daga kudu, suna kawai ya ara. Ƙananan jatan lande ne na bakin teku. Kirefish ɗin da nake magana a kai a ruwan daɗi yake zaune, cikin tafki da rafi, babbansa ya kai tsawon tafin hannu, yana da awartaki biyu a gaba waɗanda in suka damƙi yatsanka sai ka kira sunan Allah da ƙarfi. Duk faɗin nahiyarmu babu shi a matsayin ɗan ƙasa sai a tsibirin Madagaska. Waɗanda ke tafkin Naivasha na Kenya da kogin Nilu a Masar baƙi ne, asalinsu Amurka. Saboda haka ban taɓa ganin mai rai ba sai ranar da aka buɗe mini ƙofar ɗakin tankuna a nan, sanyi ya bugi fuskata, na leƙa na ga abubuwa suna ja da baya suna ɓuya cikin guntayen bututun roba.

Da aka kai ni teburin aiki sai na ga tsohon abokina: gilashin ƙirga na Neubauer, wanda a gida muke ce wa cemba. Shi ne dai, kauri ɗaya, zane ɗaya. A gefensa kuma ga kanta, wato abin ƙirga, ta ƙarfe, irin wadda dattawan unguwarmu ke maƙalawa a yatsa suna latsawa bayan sallar Asuba. Na ce a raina, ai an zo gida. A Katsina, duk ranar da injin ƙirga ya lalace ko aka rasa ruwan da yake sha, da wannan cemba muke ƙirga fararen ƙwayoyin jini. Ka gauraya jini kashi ɗaya cikin ashirin da ruwan Türk, jajayen su fashe, fararen su ɗauki launi, ka ƙirga gidaje huɗu na kusurwa, ka ninka da 50. Na yi wannan sau ɗaruruwa, wani lokacin da hasken taga. Har na gaya wa matar da ke kula da ɗakin, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, cewa ba sai ta wahalar da kanta wajen koya mini ba. Ta ce to. Mutanen nan ba sa musu da kai. Sai su bar ka ka je ka gano da kanka.

Mako uku na yi ina ƙirga. Tankuna biyu aka ba ni, kuma tun a makon farko na lura cewa na tanki na biyu kullum ƙwayoyinsu sun gaza na tanki na farko, wani lokacin da kusan rabi. Ruwa ɗaya, abinci ɗaya, sanyi ɗaya. Na fara raya abubuwa a zuciyata. Ko wata cuta ce ta shiga ba a sani ba? Ko ni ne zan gano ta? Na zana jadawali mai kyau, na sa launi, na kai wa dattijuwar nan ina ɗan taƙama.

Ta duba takardar ba ta ce komai ba. Ta ce in ɗebi guda ɗaya a gabanta. Na ɗauko ɗan tanki na biyu, na yi yadda na saba, na ɗora a madubin ƙara girma. Ta zauna, ta leƙa, sai na ga hannunta yana murza gilashin yana fitar da shi daga kan zanen gaba ɗaya, zuwa can bakin inda ruwan ya shiga. Ta tashi ta ce in duba. Ga su nan curi-curi, kamar an jiƙa gari an bar shi bai damu ba, ƙwayoyi ashirin, talatin, sun rungume juna cikin wani zare-zare. Ta tambaye ni wane tanki nake fara ɗiba kowace rana. Na ce na farko. Ta nuna bokitin ƙanƙarata da haɓa. Ruwa ne zalla a ciki, da 'yan guntaye biyu suna yawo.

Cutar da na gano ke nan. Kafin in iso tanki na biyu rana ta yi, ƙanƙara ta narke, ruwan da ke hana jinin daskarewa ya ɗumama, hannuna ya gaji, ina lalube da allura. Ƙwayoyin suna nan, ni ne na bar su suka dunƙule, sannan na bi na ƙirga 'yan tsirarun da suka rage a warwatse. Na cire jadawalin daga bango da kaina.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne yadda jinin wannan dabba ya bambanta da wanda na saba da shi. Namu a cikin jijiyoyi yake, a rufe. Nasa zuciya ce ke tura shi ta 'yan jijiyoyi, daga nan sai ya malala cikin jiki yana wanke kayan ciki kai tsaye, ya bi ta inda dabbar ke shaƙar iska, ya komo. Dabbar da jininta ke kwance haka cikin ɓawo, in ɓawon ya tsage a faɗa ko ƙafa ta cire, to ko dai ya toshe nan take ko ta tsiyaye. Shi ya sa Allah ya yi masa saurin daskarewa na ban mamaki. Akwai wani furotin da ke narke cikin ruwan jinin yana jira. Da zarar ƙwayoyin sun ji rauni ko sun taɓa baƙon abu, sai su saki wani sinadari da ke ɗinke wannan furotin ya zama kamar kamu, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da kalsiyam. Allurarka baƙon abu ce. Bangon sirinji baƙon abu ne. Gilashin ma haka. Tun daga lokacin da ka huda shi, jinin yana yin abin da aka halicce shi ya yi, kai kuma kana tsere da shi.

Launinsa ma ya ba ni mamaki. Ba ja ba ne. Yana fitowa garai-garai kamar ruwan kwakwa, in ya sha iska sai ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, domin abin da ke ɗaukar masa iska jan ƙarfe ne a cikinsa, inda namu ke da baƙin ƙarfe. Wannan abin kuma a narke yake cikin ruwan, ba a cikin ƙwayoyi ba. Ke nan babu jajayen ƙwayoyi sam, babu abin da za ka fasa da ruwan Türk. Duk abin da ka gani a madubi sojan tsaro ne.

Ruwan hana daskarewar da muke amfani da shi tsohon haɗi ne da Kenneth Söderhäll da Valerie Smith suka wallafa a 1983: gishiri, gulukos, sitiret, ruwan tsamin sitirik, da EDTA, a tsamin da ya kai pH 4.6. EDTA dai ma'aikatan lab na gida sun san shi, shi ne ke cikin kwalbar nan mai murfi ruwan hoda mai duhu da ake ɗibar jinin cikakken ƙirga. Aikinsa ya kama kalsiyam ya riƙe. Tsamin kuma yana sa ƙwayoyin su natsu, kada su fashe su zubar da abin cikinsu. Gishirin na dabbar ruwan daɗi ya fi na ƙaguwar teku sauƙi nesa ba kusa ba, 0.14 a maimakon 0.45 a ma'aunin mola, kuma wanda ya kwafo haɗin daga takardar da aka rubuta kan dabbar teku bai duba ba, zai ga ƙwayoyinsa sun motse kamar busasshen tumatir.

Yanzu ga yadda nake yi, bayan an sauke mini girman kai. Komai a kan ƙanƙara: ruwan, sirinji, 'yan kwalabe. Dabbar ma ina kwantar da ita cikin ƙanƙara na ɗan lokaci har ta yi laushi ta daina harbi da wutsiya. Ina zuƙo ruwan hana daskarewa cikin sirinji tun kafin in taɓa ta, maikurolita 100 daidai, wato kashi ɗaya cikin goma na mililita, babu kumfa. Sai in naɗe gabanta da tsumma mai ɗanshi, awartakan su shige ciki, in juya ta rigingine, in goge wurin. A ƙarƙashin wutsiya, tsakanin gaɓa da gaɓa, akwai fata mai taushi. Nan allura ke shiga, a karkace, kaɗan kawai, kuma a ɗan kauce wa tsakiya domin igiyar jijiyar motsi ta nan ta bi. In ka dace, kana jan sirinjin za ka ga jinin yana shigowa cikin ruwan yana murɗawa kamar hayaƙi. Maikurolita 100, ka zare, ka juya sirinjin sau biyu uku su gauraya. In ba ka dace ba, kada ka tsaya kana tono. Mayar da ita ruwa ka ɗauko wata. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuya in koya, domin a asibiti in ka rasa jijiya lallashin mara lafiya kake yi ka sake nema, ba ka ce masa ya tafi a kawo wani ba.

Ranar da samfuran suka yi yawa, ina zuba su cikin fomalin mai sanyi su sandare yadda suke, sai in ƙirga da yamma a tsanake. Ba na son warinsa, amma ya fi mini ƙarya.

Cembar kuma tana da nata ladabin. Murfin gilashin sai ka manna shi har ka ga launin bakan gizo a gefe biyu, in ba haka ba zurfin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, lissafinka duka ya rushe. Ka ɗiga kamar maikurolita goma a baki, ruwan ya ja kansa ciki da kansa, ka jira minti biyu su kwanta. Sannan, abin da dattijuwar nan ta koya mini ba da baki ba, ka fara zaga gilashin duka da ƙaramin ido kafin ka taɓa kantar ƙirga. In ka ga curi, zubar. Kada ka ce bari in ƙirga na gefe.

Kowane babban gida milimita ɗaya ne tsawo da faɗi, abin da ke kansa kashi ɗaya cikin goma na maikurolita. Ƙwayar da ta hau layin sama ko na hagu taka ce, wadda ta hau na ƙasa ko na dama ta maƙwabci ce. A ce ka ƙirga 240 a gidaje huɗu. Kowane gida 60 ke nan. Ka ninka da 10,000 ka samu na mililita ɗaya, ka sake ninkawa da 2 saboda rabin abin da ke sirinjin ruwan haɗi ne. Ya ba ka 1,200,000 a mililita. Adadin yana da girma a kunne, amma ɗan Adam mai lafiya yana da farare 4,000 zuwa 11,000 a maikurolita guda, wato miliyan 4 zuwa 11 a mililita, ban da jajaye da suka kai wajen miliyan biyar a maikurolita. Idon da ya saba da cunkoson jinin mutum, in ya leƙa na kirefish, sai ya ga kamar kasuwa ce ta watse.

Wannan ƙarancin yana da haɗari. In ka ƙirga ƙwaya 100 kacal, ko hannunka na mala'ika ne, sa'a kaɗai tana iya karkatar da kai da wajen kashi 10 cikin ɗari. Sai ka kai 400 kafin abin ya sauko kashi 5. Wanda ya zauna ya yi wannan lissafi a kan cemba William Gosset ne, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness a Dublin, a 1907, yana ƙirga ƙwayoyin yis, kuma ya buga shi da sunan aro, Student. Duk wanda ya sha wahalar darasin ƙididdiga a jami'a ya san sunan. Ni ban san cewa a kan gilashi irin nawa ya fara ba sai da na zo nan. Saboda haka ina cika ɓangarori biyu na cembar, in ci gaba da latsawa har in wuce 400, ko da wuyana zai ƙage.

Ƙirga jimilla sauƙi ne a kan rarrabewa. Littattafai sun ce iri uku ne. Akwai ƙanana masu santsi, kusan babu tsaba a cikinsu. Akwai masu tsaba kaɗan, waɗanda su ne masu saurin fushi, su ke fara fashewa in ka yi jinkiri. Akwai kuma manya da suka cika maƙil da tsaba kamar buhun gero, suna ƙyalli in ka ɗan murza madubin. A zane abin gwanin sha'awa. A madubi kuwa, na farko da na ƙarshe ba sa ɓuya, amma na tsakiyar sai ka rasa inda za ka ajiye su. Mai tsaba da yawa da ya zubar da rabin kayansa cikin sirinji, da me ya yi kama? Mun taɓa zama mu uku a kan gilashi ɗaya, kowa da kantarsa, jimillarmu ta zo kusa da juna, rabe-rabenmu kuwa kowa da inda ya nufa. Tun daga ranar, in na karanta takardar da ta kawo kason kowane iri har da ɗigo biyu bayan lamba, ba ta kuma faɗi yadda aka ɗebi jinin ba, sai in yi murmushi in wuce.

To me ya sa ake wannan wahala? Amsar da ban iya ba Hajiya a waya ba ke nan, saboda doguwa ce.

Mutanen ƙasar nan suna son kirefish kamar yadda muke son naman Sallah. Watan Agusta suke bikinsa: a dafa shi da gishiri da ganyen dil, a bar shi ya huce, a rataya fitilun takarda a waje, manya da furfurarsu su sa hulunan takarda suna tsotsar ɓawo suna waƙa. Nasu na gado shi ne Astacus astacus. A 1907, shekarar da Gosset ke fama da yis ɗinsa, annoba ta shigo Suwidin cikin kirefish da aka kawo daga Finlan, ta faɗa tafkin Mälaren, ta wuce Hjälmaren inda aka fi kamun sa, ta share shi. Wata irin funfunar ruwa ce, Aphanomyces astaci, 'yar asalin Amurka ta Arewa, wadda tun wajen 1860 aka fara ganin ɓarnarta a arewacin Italiya. Tana huda ɓawo ta inda ya yi taushi ta bazu cikin jiki, na Turai kuma ba ya iya tsayar da ita. Da abin ya ishe su, sai a 1960 suka fara shigo da wani daga Amurka, Pacifastacus leniusculus, mai farin tabo a gaɓar awartaki, saboda annobar ba ta kashe shi. Ba ta kashe shi, gaskiya ne. Ɗauke da ita yake yawo. Duk ruwan da ya shiga, na gida ya ƙare. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan baƙon shi ne a tankunana, kuma sirrinsa a cikin ƙwayoyin da nake ƙirgawa yake. Ba shi da irin garkuwarmu mai tuna cuta, wadda allurar rigakafi ke dogara da ita. Abin da yake da shi, in ƙwayoyin suka ji ƙanshin bangon funfuna, sai su taru a kanta, su fashe, su saki wani sinadari da ke haifar da melanin, wato baƙin launin da ke fatarmu ni da kai. Su lulluɓe zaren funfunar da shi su killace ta. In ka ɗaga tsohon kirefish irin wannan ka duba gaɓoɓin ƙafarsa da ƙarƙashin wutsiya, sau da yawa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga masa kwalta. Kowane ɗigo wurin da aka yi artabu ne aka tashi babu wanda ya ci. Masu bincike a Uppsala sun nuna a 1987 cewa in aka rage masa yawan ƙwayoyin jini, funfunar da ya daɗe yana riƙe da ita sai ta ɓalle ta kashe shi kamar na Turai. Wato zaman lafiyarsa da cutar a kan lamba yake tsaye. Lambar nan da nake latsawa.

Kuma lambar ba ta zama wuri ɗaya. In ka yi masa allurar laminarin, wani sukari daga ciyawar teku mai kama da bangon funfuna, cikin ɗan lokaci ƙwayoyin za su ɓace daga jini, sun tafi yaƙin da babu abokin gaba, sannan a hankali sababbi su fito. Ba shi da ɓargo, daga wani siririn nama da ke shimfiɗe a saman tumbinsa ake ƙera su, kuma a 2005 Irene Söderhäll da abokan aikinta suka bayyana furotin ɗin da ke zaburar da wannan nama, suka sa masa suna astakine. Sanyin ruwa yana taɓa lambar. Saɓa tana taɓa ta, domin shi ma yana tuɓe ɓawonsa kamar yadda maciji ke tuɓe fata. Har lokacin yini yana da tasiri. Biyu masu girma ɗaya daga tanki ɗaya, wani ya ninka wani, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa yanzu ƙarfe tara na safe nake ɗiba, ba na wuce goma sha ɗaya, kuma ina rubuta lambobin dabbobin a 'yan takardu in zuba a kofi in zaro, kada wani tanki ya sake zama na ƙarshe kullum.

An gayyace ni bikin Agustan bara a bayan gidan wani abokin aiki. Na ci, mu Malikawa ba mu da matsala da abin ruwa, kwalaben da ke zagayawa dai na bar musu. Gishirin ya yi mini yawa, kuma babu yaji ko ƙwaya ɗaya. Sai da na ɓare na uku na kama kaina ina juya shi rigingine ina duba ƙarƙashin wutsiya. Dattijuwar nan tana zaune a ɗaya gefen teburin da hular takarda a kanta, ta gan ni, ta ɗaga nata ta nuna mini baƙin ɗigon da ke gaɓar ƙafarsa, sannan ta tsotse shi.

Hajiya kuwa, da na aika mata hoton teburin aikina ta WhatsApp, ba ta ce komai a kan madubi ko sirinji ba. Kantar ta hango. Ta ce tata ta roba ta fara tsallake lamba, in zan dawo in taho mata da irin wannan ta ƙarfen. Na sayo guda biyu, suna cikin akwati. Tawa tana kan tebur, na mayar da ita sifiri. Gobe goma sha biyu zan ɗiba, amma da na leƙa da yamman nan na tarar mai lamba bakwai ya yi saɓa, ɓawonsa na kwance a gefe kamar gawarsa, shi kuma ya lafe cikin bututu jikinsa taushi kamar dafaffen ƙwai. Na cire takardarsa daga kofin. Sha ɗaya ke nan.